A Gyara Ta Ko A Sayi Wata?

Yawancin kwamfutocin da masu su ke saɓawa su kai Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja don a yi musaya, su cika kuɗi a ba su wata, ba mutuwa suka yi ba. Nauyi kawai suka yi. Ka kunna ta, ka je ka yi alwala ka dawo, ba ta gama farkawa ba. Ka danna Word, ɗan zoben nan ya yi ta kewaya har ka manta abin da za ka rubuta. Mai ita ya gaji, ɗan kasuwa kuwa ba huruminsa ba ne ya ce maka koma gida da abarka. Zai karɓe ta a wulaƙance, ya canza mata abu ɗaya ko biyu, ya goge mata jiki, jibi ka gan ta a kan kanta da farashin da zai sa ka riƙe baki. To abu ɗaya ko biyun nan da ya canza, kai ma kana iya sa a canza maka, kuɗin cikon ya zauna a aljihunka.

Shekarun kwamfuta ba su ne dalilin rabuwa da ita ba. Fitowar sabon samfuri ma ba dalili ba ne, balle ganin ta abokin aiki siririya mai walƙiya. Dalili ɗaya ne: akwai aikin da kake bukata wanda ta kasa, kuma babu gyaran da zai sa ta iya shi a kan kuɗin da ya dace. Saboda haka kafin a yi zancen kasuwa, sai an san ina ne ciwon yake, kuma ita kwamfutar da kanta za ta faɗa maka idan ka tambaye ta.

Ka buɗe duk abin da ka saba buɗewa a ranar aiki, burauza da shafukanta, da Word, da duk wata manhajar sana'arka. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda. Wani shafi zai fito mai suna Task Manager, ka shiga inda aka rubuta Performance. Abu uku za ka sa wa ido: CPU, da Memory, da Disk. Ka ci gaba da aikinka na kamar minti goma kana leƙawa. Wanda ka ga ya haye sama ya ƙi saukowa, shi ne mai laifin.

A tsofaffin kwamfutoci, mai laifin da aka fi kamawa shi ne Disk. Za ka gan shi ya maƙale a kashi 100, a gefensa an rubuta HDD. Wannan shi ne tsohon faifan ajiya da masu gyara ke kira had-dis. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya in na laftof ne, da wani ɗan hannu mai kai da kawowa yana neman bayani. Idan ka kara kunnenka za ka ji shi yana ƙis-ƙis. Abin da yake iya karantawa a daƙiƙa bai cika wuce megabait 100 da 'yan kai ba, in kuwa ƙananan fayiloli ne a warwatse, ko kusa da haka ba ya yi. Sabon nau'in ma'ajiya da ake kira SSD kuma babu abin da ke motsi a cikinsa. Mafi arahar nau'insa yana kai megabait 500 a daƙiƙa, wanda ake kira NVMe yana shiga dubbai. Kwamfutar da take cin minti uku kafin ta tashi, idan aka sa mata SSD aka zuba Windows sabo, sai ka ga ta tashi kafin ka gyara zama. Ban san wani gyara da ke canza kwamfuta kamar wannan ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwa ba. Kada ka sayi ƙasa da 256GB. In da hali, 512GB. Ka nemi suna sananne a shagon da za ka iya komawa, domin jabu sun yi yawa, akwai wanda za a rubuta babban girma a jikinsa alhali cikinsa bai kai ba. Shi kuma tsohon faifan kada ka bar wa mai gyara. A sa maka shi a ɗan gidansa mai wayar USB, ya zama ma'ajiyarka ta waje.

Bari in ɗan ratse a nan, tunda an zo zancen mai gyara. Kwamfutarka tana ɗauke da hotunan iyalinka, da takardun aikinka, da kalmomin sirrin da burauza ta haddace. Canza SSD ba aikin kwana ba ne, aikin awa ɗaya zuwa biyu ne. Ka kwashe abubuwanka kafin ka fita daga gida, ka kuma zauna a yi a gabanka. Injiniyan kirki ba zai ji haushin haka ba. Wanda ya dage sai ka bari ka dawo gobe, ka gode masa ka ƙara gaba.

Idan kuma Memory ne ya cika, yana kai kashi 85 ko 90, to RAM ne ya yi kaɗan. RAM kamar teburin tela yake: in ƙarami ne, dole sai ya naɗe wannan yadin kafin ya shimfiɗa wancan, komai ƙwarewarsa aiki ba zai yi sauri ba. A yau 4GB bai isa ba, Windows da burauza kaɗai sun cinye shi. Mai rubutu da bincike da kallon darasi, 8GB ya wadatar da shi. Mai shagon buga takardu da ke zana katin biki da kalanda a CorelDRAW ko Photoshop, da ɗalibin zanen gini mai AutoCAD, da mai tace bidiyo, su nemi 16GB. Sai dai a lura da abu biyu. RAM iri-iri ne, DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, DDR4 ba ya shiga na DDR5, ko tsagar jikinsu ba wuri ɗaya take ba. Sannan ba kowace laftof ce ake iya ƙara mata ba, sirara da yawa an like nasu a jikin bod, wato babban allon cikin kwamfuta, tun daga kamfani. A shafin nan na Memory, daga ƙasa, akwai layin da ke nuna ramuka nawa ne da kuma nawa aka cike. In ka ga ɗaya cikin biyu, ka yi sa'a.

Akwai kuma ciwon da ya fi damun mu nan Arewa, wato zafi da ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe hanyar iskar laftof, ga shi da yawanmu a kan katifa ko bargo muke ɗora ta, ramukan shan iskarta kuma a ƙasa suke. A watan Afrilu, a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri zafi yana haura digiri 40 tun kafin a kunna komai. Furosesa, wato CPU, in ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce kwamfuta ta fara aiki lafiya, bayan rabin awa fanka ta kama kuka, komai ya koma tafiyar hawainiya, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya. Maganinsa a buɗe ta, a hure ƙurar, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce. Mutane da yawa sun sayar da kwamfuta mai lafiya saboda dunƙulen ƙurar da bai kai girman goro ba.

Batir ba dalilin canza kwamfuta ba ne, shi ake canzawa. Don sanin halin da yake ciki, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. In ya faɗi ƙasa da rabi, kwanansa ya ƙare. In kuwa ka ga wurin da kake shafa yatsa ya taso, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Kada ka kwana da shi a caji, yana iya kama wuta.

To yaushe ne gyara ke zama asarar kuɗi? Babbar iyakar da aka shata a 'yan shekarun nan kamfanin Microsoft ne ya shata ta. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ya daina tallafa wa Windows 10. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma ɓarakar tsaron da aka gano daga baya ba za a riƙa toshe maka ita kyauta kamar da ba. An buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba 2026, wannan kuwa jinkiri ne kawai. Windows 11 da ya fito a 2021 yana da sharuɗɗa: sai da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma furosesar ta kasance Intel zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, ban da 'yan tsirarun da aka keɓe. Furosesar laftof kuwa a mafi yawan lokuta a like take, ba a canza ta. Ke nan kwamfutar da ke ƙasa da wannan layin, SSD da RAM za su ba ta sauri, amma ba za su tsallakar da ita ba.

Sanin zubin ba wuya. Ka shiga Settings, sai System, sai About, ka karanta cikakken sunan furosesar. In ka ga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ce zubin. i5-6300U zubi na shida ne. Daga na goma lambobi biyu ake karantawa, i5-1135G7 zubi na 11 ke nan. Wannan ɗan ilimin shi ne zai raba ka da wayon da aka fi yi wa masu saye. Ɗan kasuwa zai buga ƙirji ya ce, «Alhaji, wannan fa Core i7 ce,» ya nuna maka sitika. Ka ce masa i7 ta wane zubi? i7-4600U ta 2013 injinan aiki biyu ne a cikinta, i5-8250U ta 2017 huɗu gare ta, kuma ta yi mata fintinkau. Haka nan ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ne. Akwai dabarun da ake bi a cusa shi a kan tsohuwar da ba ta cika sharaɗi ba. Zai yi aiki, amma Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba.

Ba kowa wannan iyakar ta shafa daidai ba, kuma a nan nake saɓa wa masu cewa kowa ya jefar da tasa. Malamin da abin da yake buɗewa bai wuce manhajar Maktabatus Shamila da Word ba, wanda ba ya shiga intanet da ita sai jefi-jefi, ya ci gaba da aikinsa, babu mai korarsa. Kwamfutar da yara ke koyon buga rubutu da atisayen jarrabawar JAMB a kanta, ita ma haka. Wanda ke son tsohuwarsa ta ci gaba da shiga intanet cikin aminci yana iya sa mata Linux Mint, kyauta ne, yana zuwa da manhajar rubutu da ta lissafi, sai dai ya sani CorelDRAW da manhajojin Adobe ba sa hawa kansa kai-tsaye. Amma mai shiga asusun banki ta kwamfuta, da mai kafe da ke karɓar lambar NIN da BVN da hotunan mutane yana cike musu fom, da ma'aikacin da ke riƙe bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai, waɗannan amanar mutane ce a hannunsu. Su kam lokacin canji ya yi, ko da tsohuwar tana gudu.

Wata alamar ita ce bod. Idan an taɓa ƙona wani abu a jikinsa an gyara, bayan wata biyu ya sake, aka sake gyarawa, to kada ka jira na uku. Haka idan cututtuka suka taru, sikirin ya tsage, maƙalar murfi ta karye, kibod ya ci rabi, batir ya mutu. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: ka tara kuɗin gyaran duka, ka tambayi farashin irinta ta hannu mai lafiya. In gyaran ya haura rabin wannan farashin, ka sayar da ita a matsayin kayan gyara, ka cika. Sai kuma wanda sana'arsa ta girme wa na'urarsa. Mai tace finafinai ko bidiyon biki da ke barin kwamfuta ta kwana tana fitar da aiki ɗaya, in wuta ta ɗauke a koma farko, matsalarsa furosesa ce da katin hoto, su kuwa ba a ƙara su a laftof. Ya lissafa ayyukan da yake mayarwa a wata saboda rashin lokaci. Sau da yawa zai tarar rashin sayen ne ya fi tsada.

Da zarar an yanke shawarar saye, sai tambayar lokaci ta taso: in saya yanzu, ko in jira dala ta sauko? Kwamfuta da kayan gyaranta daga waje ake shigo da su, farashinsu a bayan dala yake tafiya. A farkon watan Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya riƙe kuɗinsa a wancan lokacin yana jiran sauƙi, kuɗin laftof ya koma kuɗin waya a hannunsa. Ba ina cewa kullum hawa za ta yi ba, ta sha saukowa, amma babu wanda zai ba ka tabbacin gobe, kuma 'yan kasuwa sun fi saurin ƙara farashi a kan rage shi. Daga ƙarshen 2025 ma wani sabon abu ya shigo, farashin RAM ya tashi a duniya saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawure abin da masana'antu ke fitarwa. Shawarata, in bukatar ta tabbata kuma kuɗin ya kammala, ka saya. In ba ta tabbata ba, kada tsoron tashin farashi ya sa ka sayi abin da za ka ajiye a jaka yana tsufa. Jiran samfurin baɗi kuma ba shi da ƙarshe, kusan kowace shekara sai an fitar da sabo, bambancin na bana da na bara ga mai aikin ofis bai taka kara ya karya ba. Abin da zan hana ɗungurungum shi ne cin bashin manhajojin waya masu ruwa don sayen kwamfuta. Adashe ya fi, ko a ƙara haƙurin wata uku.

Sabuwa ko ta hannu? In kuɗinka ya kai ka sayi sabuwa mai Core i5 ko Ryzen 5 na kwanan nan, da 16GB ko aƙalla 8GB, da SSD, da garanti na gaske, babu laifi. Inda ake faɗawa rami shi ne sabuwa dal a kwali mai araha, Celeron, 4GB a like, ma'ajiya 64GB. Ƙamshin sabunta ne kawai, wata shida ba za ta yi ba za ka dawo kana ƙorafin nauyi, kuma babu abin da za a iya ƙara mata. Da wannan kuɗin gara ta hannu daga jerin da aka ƙera wa kamfanoni, irin HP EliteBook 840 G5 ko G6, da Dell Latitude 7490, da Lenovo ThinkPad T480. Ma'aikatun Turai da Amurka suna sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru, su ne ke zuwa mana da sunan «Landan yus». Jikinsu ya fi ƙwari, ana buɗe su cikin sauƙi, kayan gyaransu kuma suna nan birjik a kasuwa. Amma ko a cikin waɗannan akwai masu furosesa zubi na bakwai, don haka lambar za ka karanta, ba sunan samfurin ba. Tunda ma'aikatun can suna barin Windows 10, ba sai an gaya maka inda tsofaffin da suka rage za su nufa ba. Mai sha'awar MacBook ya nemi mai M1 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2020, domin Apple ya sanar cewa macOS 26 ne na ƙarshe da zai hau masu Intel. Ya kuma zaɓi girman RAM da ma'ajiyar da za su ishe shi tun ranar saye, ba a ƙarawa daga baya. Wanda aikinsa a shago ɗaya yake kuma yana da sola ko janareto tsayayye, kwamfutar tebur ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin ƙari. In wutarku ta jeka-ka-dawo ce, laftof ta fi, batirinta shi ne mai ceton aikinka, cajarta kuma yawanci wat 45 zuwa 65 take ja.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto a WhatsApp da «wallahi kamar sabuwa» ba su isa a tura kuɗi ba. Ka je da ƙafarka, ko ka tura wanda ya san kan abin, ka ba ta rabin awa a shagon. Ka karanta furosesa da RAM a About, ka tabbatar a Task Manager cewa SSD ne. Ka fitar da rahoton batir, ka cire caja ka ga yadda kason ke sauka. Ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka sa farin shafi ya cika sikirin, sannan baƙi, tabo da layi za su bayyana. Ka soka filashinka a kowane rami, ka gwada Wi-Fi da kyamara da sifika. Sannan ka kashe ta, ka sake kunnawa ka shiga BIOS ta hanyar danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirrin da mai shago bai sani ba, ko ta nuna sunan wani kamfani tana neman a shiga da asusunsa, ajiye ta, komai araharta. MacBook kuma a goge ta a gabanka a ga ba ta neman asusun iCloud na wani. Ka duba cajar ko ta asali ce, domin jabun caja na cikin abubuwan da ke kashe batir da bod. A ƙarshe a rubuta maka rasit mai sunan shago, da lambar jikin kwamfutar, da kwanakin garanti a rubuce, ba da baki ba. Kayan sata suna yawo a kasuwa, ranar da aka biyo sawu takardar nan ce za ta fitar da kai.

Ita kuma tsohuwar, ko sayarwa za ka yi ko kyauta ga ƙane, kada ta bar hannunka sai ka kwashe abubuwanka, ka fita daga imel da WhatsApp da duk asusun da ke buɗe a burauza. Jefa fayil a kwandon shara ba gogewa ba ne, akwai manhajojin da ke dawo da shi. Ka yi amfani da Reset this PC, ka zaɓi a cire komai tare da share faifan gaba ɗaya. In ba ka natsu da hakan ba, mai karatu, ka sa a cire faifan ka riƙe abinka, ka sayar da ita babu shi.